Muhawara: Jin Daɗi Na Iya Zama Sarƙa? Tunanin Herbert Marcuse

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon nan ina so mu tattauna kan Herbert Marcuse, masanin falsafar nan Bajamushe da ɗaliban Turai da Amurka suka riƙa tamkar uba a shekarun 1960. An haife shi a Berlin a 1898, Bayahude ne, ya bar Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki, a 1934 ya sauka Amurka inda cibiyarsu ta binciken zamantakewa ta Frankfurt ta samu mafaka. Ya mutu a 1979.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne One-Dimensional Man na 1964, wato mutumin da tunaninsa ya koma fuska ɗaya. Ga abin da ya dame shi. Karl Marx, uban aƙidar gurguzu, ya ce ma'aikatan masana'antu ne za su kifar da jari-hujja, tunda guminsu ake sha. To ga Amurka, uwa ma ba da mama a harkar masana'antu, amma ma'aikacinta ba ya neman kifar da komai. Me ya faru? Marcuse ya ce ba da bulala aka rufe masa baki ba, da kaya aka rufe: mota, firji, talabijin, gidan da zai daɗe yana biya kaɗan-kaɗan. Masana'antu ba kaya kaɗai suke ƙerawa ba, har sha'awar kayan suke ƙerawa su dasa a zuciyar mutum ta hanyar talla. Waɗannan ya kira buƙatun ƙarya. Mutum ya kashe kansa da aiki don ya sayi abin da aka koya masa so, sayen kuma ya sake ɗaure shi ga aikin. Kamar ragon Sallah ne a turke: ga dusa ga harawa, har ya manta akwai igiya a ƙafarsa.

Abin da ya fi ba shi tsoro ba talauci ba ne, a'a, mutum ya kasa ko da raya wa ransa cewa rayuwa na iya kasancewa daban. Ni a ganina ya faɗi gaskiyar da har yau ba a amsa ta ba. Bismillah, me kuka gani?

Sadiƙu:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni da na gama jami'a ina zaune a ƙarƙashin lema ina sana'ar POS, wannan magana ta yi mini nisa. Mutum yana kuka don ma'aikaci ya samu mota da firji? Wallahi a kawo mana irin wannan bautar mu gani. Mu nan wutar da za ta kunna firjin ma ba mu da ita. Damuwar mai ƙoshi ce wannan.

Malam Habibu:
Ƙanena Sadiƙu, kukanka na gaskiya ne, kuma shi ma Marcuse bai raina shi ba. Ya faɗa a fili cewa ci da sutura da muhalli su ne buƙatun da babu jayayya a kansu, sai an biya su kafin a yi maganar sauran. Ba da mai yunwa yake faɗa ba. Ƙasashen da suka kai matsayin ciyar da kowa yake tuhuma, yana tambayarsu: tunda injina sun kai ku nan, me ya hana a rage wa mutane awannin aiki? Me ya sa ake zuba dukiya a makamai da talla da kayan da aka yi don su lalace da wuri? Tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, su Osram da Philips, suka haɗa baki a Geneva cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Fasahar yin mai daɗewa tana nan, riba ce ta hana. Ko Keynes, masanin tattalin arzikin nan Ba'ingile wanda ba ɗan gurguzu ba ne, ya yi hasashe a 1930 cewa jikokinsu za su riƙa aikin awa 15 a mako. Arzikin ya zo, hutun bai zo ba. Ina ya maƙale? Tambayar Marcuse ke nan.

Baba Iliya:
Ina gaishe ku 'ya'yana. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, Kaduna, na kuma yi ƙungiyar ƙwadago har masaƙar ta rufe. Ban karanta mutumin nan ba, amma abin da Habibu ya faɗa na san ɗanɗanonsa. Lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, idan jiniya ta yi kuka Kakuri cika take da mutane, wasu na shiga wasu na fita. Muna da albashi, muna da asibiti, ana ba mu bashin keke, daga baya babur. Duk yajin aikin da na sani, kan ƙarin kuɗi ne ko alawus ko wani da aka kora. Ban taɓa jin an tashi a taro an ce me ya sa ba mu da baki a yadda ake tafiyar da masaƙar ba. Ba ya ma zuwa ranmu. Da aka zo rufewa babu wanda ya yi shawara da mu, ƙofa kawai muka tarar a garƙame. Mutane da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu.

To amma Habibu, ina da ja. Keken nan da babur ɗin nan ba ƙarya ba ne. Da albashin nan na sa 'ya'yana a makaranta, har da mata. Wanda bai taɓa tsayuwa gaban inji ƙura na shiga hancinsa ba ya yi hattara kafin ya kira ɗan jin daɗin lebura ƙarya.

Malam Habibu:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da kuka ba da labari shi ne ainihin abin da ya faru a Amurka, sai dai nasu ya fi girma. A 1950 ƙungiyar ma'aikatan mota ƙarƙashin Walter Reuther ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da General Motors a Detroit. Aka ba su ƙarin albashi da fansho da kula da lafiya, su kuma suka ajiye yajin aiki, suka bar wa masu kamfani duk hukuncin abin da za a ƙera da yadda za a ƙera shi. Marcuse bai ce fanshon banza ne ba. Cewa ya yi a duba abin da aka bayar aka karɓe shi.

Akwai wani misali a littafin da na tabbata zai taɓa ku. Ya ɗauko binciken da aka yi kan ma'aikatan wata masana'anta ta Western Electric da ke Hawthorne, kusa da Chicago. Ma'aikaci ya ce albashi ya yi kaɗan. Masu binciken suka zauna da shi suka yi ta tambaya, har suka gano matarsa ba ta da lafiya, kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. Sai suka rubuta cewa abin da wane yake samu a yanzu bai ishe shi ba saboda rashin lafiyar matarsa. Kun ga abin da aka yi? Maganar farko ƙara ce ta dukkan ma'aikata a kan tsari. Ta biyu matsalar gidan mutum ɗaya ce, da ɗan rance an kashe ta. An taimaki mutumin, amma an zare wa maganarsa haƙori. Marcuse ya ce haka ake yi wa harshe da tunani gaba ɗaya a irin wannan al'umma.

Baba Iliya:
Wannan kam na gani da idona. Mutum ya fi kowa zafi a taron ƙungiya, sai a kira shi ofis a tambaye shi lafiyar iyali. Washegari an ba shi rance ko an sa shi shugaban sashe. Shi ke nan ba ka ƙara jin muryarsa.

Zainab:
Salamu alaikum. Malam, da girmamawa, misalin ragon nan shi ne ya tayar mini da hankali. Mutum ba rago ba ne. Idan aka ce buƙatata ƙarya ce alhali ni ina jin ta a raina, to wa ya san ta gaskiyar? Farfesa irin Marcuse da ke zaune a jami'a a San Diego? Duk wanda ya ce jama'a ba su san abin da suke so ba, ni na san musu, ya riga ya ɗora ƙafa a hanyar kama-karya ko da niyyarsa fara ce tas. Ni shari'a nake karanta, kuma abin da nake fara tambaya a kowane tsari shi ne wa ke yanke hukunci, wa kuma zai iya ɗaukaka ƙara.

Malam Habibu:
Malama Zainab, kin sa yatsa a inda ya fi ciwo. Shi ma ya ga wannan rami. Ya rubuta cewa babu wata kotu da ke da ikon yanke wa mutane wace buƙata ce ta gaskiya, su da kansu ne za su amsa. Sai dai ya ƙara da cewa amsarsu ba ta zama tasu sai sun samu 'yancin bayarwa, ba lokacin da ake juya su har cikin zuciya ba.

Zainab:
To ai nan matsalar take, Malam. Ya ba da hannun dama ya karɓe da na hagu. Mutane ne za su yanke, amma sai sun 'yantu. Wa zai ce sun 'yantu? Kafin ranar wa ke riƙe da hukuncin? Kuma ba zato nake ba, ya nuna inda tunanin ya dosa. A 1965, shekara ɗaya bayan littafin, ya fitar da maƙala mai suna Repressive Tolerance a cikin wani ɗan littafi da suka haɗa da Robert Paul Wolff da Barrington Moore. A ciki ya ce barin kowa ya faɗi ra'ayinsa daidai wa daida yana amfanar masu ƙarfi ne, don haka a janye haƙuri daga ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau da ke kiran yaƙi da wariya, a bar wa masu neman sauyi fili. Mu da muka taso muna jin labarin dokokin soja kan 'yan jarida, kamar doka ta 4 ta 1984 da ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku, mun san yadda ake yi. Duk wanda ya toshe bakin wani yana cewa ne don amfanin jama'a ya yi.

Musa Damagaram:
Sannunku da muhawara, ina bibiya daga Nijar. 'Yar'uwa Zainab, ina tare da ke rabi. Amma a tuna daga ina mutumin ya fito. Yana matashin soja a Berlin a 1918 ya shiga majalisar sojoji ta juyin juya hali. A Janairun 1919 aka kashe jagororin 'yan gurguzu Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, gwamnatin jam'iyyar da yake ciki ce ke mulki, ya fice daga jam'iyyar. Daga baya ya ga 'yan Nazi sun yi amfani da 'yancin taro da na jarida da na zaɓe sun hau, suka rufe ƙofa bayansu. Malaminsa Heidegger, wanda Marcuse ya koma Freiburg a 1928 don ya yi karatu a wurinsa, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Bayan yaƙi Marcuse ya rubuta masa wasiƙa a 1947 yana neman ya fito ya barranta a fili, bai samu abin da ya nema ba. A cikin maƙalar da kika ambata ya ce da an taka wa waɗannan mutane burki tun suna yaƙin neman goyon baya, da wataƙila an kauce wa sansanin kisan gilla na Auschwitz da yaƙin duniya. Ba na cewa maganinsa daidai ne. Ina cewa ciwon da yake magana a kai ba ƙirƙira ba ce. Mu ma a nahiyar nan mun san yadda gidan rediyo ya tunzura kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994.

Zainab:
Yaya Musa, na yarda da ciwon. Amma kiran a kashe mutane laifi ne da doka ke iya fayyacewa, a kai mutum gaban alƙali, ya kare kansa. Shi kuwa Marcuse layin da ya ja tsakanin ɓangaren dama ne da na hagu. Wannan ba layin laifi ba ne, layin siyasa ne. Ranar da abokin hamayyarka ya karɓi mulki, da wuƙar da ka wasa zai yanka ka.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina ta karantawa ina jiran wani ya taɓo inda ni nake gani. Batun bambanta buƙatu ba sabo ba ne a wurinmu. Malaman usulu, tun daga Imam Gazali har zuwa Shaɗibi na Andalus, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, wadda in babu ita rayuwa ta lalace, buƙata, wadda rashinta ke kawo ƙunci, sai ƙawa. Suratut Takasur ta yi gargaɗi kan rige-rigen tarawa da ke shagaltar da mutum har kabari. Hadisi ingantacce ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce. Tambayar 'yar'uwa Zainab, wa ke yanke hukunci, mai imani yana da amsarta domin yana da ma'auni daga wajen son ransa. Marcuse ba shi da shi. Shi ya sa ya yi ta kewaye.

Abu na biyu ya fi damuna. A littafinsa na 1955, Eros and Civilization, Freud masanin halayyar ɗan Adam ya bi, ya ɗora 'yantuwar mutum a kan sakin sha'awa. Ashe ba shi ne ya buɗe ƙofar lalacewar da Turai ke ciki ba?

Malam Habibu:
Allah ya gafarta Ustaz. Rabon nan na gida uku ya burge ni a wannan muhalli, kuma haƙiƙa Marcuse ba mai addini ba ne, babu amfanin a lulluɓe. Fafaroma Paul na shida ma ya soke shi a 1969 kan irin abin da ka faɗa. Amma a yi masa adalci a wurare biyu.

Na ɗaya, Freud cewa ya yi babu wayewa sai da danne sha'awa, don haka ɗan Adam ba zai taɓa rabuwa da ƙunci ba. Marcuse ya amsa cewa danniya iri biyu ce. Akwai wadda zaman tare ke buƙata, wannan ba makawa. Akwai kuma rara, wadda aka ɗora don wasu su ci gaba da mulkar wasu, kamar a mai da jikin mutum injin aiki, a auna darajarsa da abin da ya samar kawai. Rarar yake so a sauke.

Na biyu, a littafin 1964 shi da kansa ya yi kaca-kaca da abin da ake kira 'yancin jima'i na kasuwa. Ya ce tsiraicin da ke cikin talla da fina-finai da ofisoshi ba 'yanci ba ne, sabuwar hanyar riƙo ce. An sassauta wa mutum a nan don ya huce, ya daina jin zafin abin da aka hana shi a can, kuma a sayar masa da kaya a kan hanya. Wanda ya ga yadda ake sa hoton mace a tallan abin da bai shafe ta ba ya san abin da ake nufi.

Inda kuka rabu da shi da gaske shi ne nan: wa'azin ƙana'a yana fuskantar zuciyar mutum ɗaya. Shi kuwa yana cewa ko kowa ya so ya yi ƙana'a, tsarin ba zai bari ba, domin ranar da mutane suka daina sayen abin da ba su buƙata masana'antu za su tsaya, a sallami ma'aikata. Ƙana'ar jama'a annoba ce ga irin wannan tattalin arziki.

Ustaz Nura:
Wannan na ƙarshen abin tunani ne. Sai dai shari'a ma ba a zuciya ta tsaya ba. Ta hana riba, ta hana ɓoye kaya, ta wajabta zakka, ta sa hisba a kasuwa. Kuma har yanzu ina kan bakana cewa wanda ya rushe katanga bai da ta cewa kan abin da ya shigo, ko da ba shi ya gayyato ba.

Hajiya Rabi:
Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa, bari in faɗi nawa. Sadiƙu ɗana, ka ce maganar mai ƙoshi ce. Zo shagona lokacin biki ka gani. Uwa ta ci bashi don kayan ɗaki, ba don 'yarta ba ta da gado ba, don wanda ake yayi ya canja. Anko kala-kala, kowane da ranarsa. Yarinya ta ƙi waya mai aiki lafiya lau don ƙawayenta sun wuce wannan samfurin. Da can maƙwabta kaɗai kike gasa da su, yanzu duk wadda ta ɗora hoto a Instagram kishiyarki ce. Ni ina cin riba da wannan, ba zan ɓoye ba, amma ina ganin matan da ke kuka a gabana kan bashin adashi. Mu ba mu ƙoshi ba, amma sha'awar masu ƙoshi ta riga abincin isowa.

Sadiƙu:
Hajiya, wannan gaskiya ne. Ina ganin samari suna cire kuɗin da bai kai na abincin rana ba su sa data ko cacar ƙwallo. Amma ni ban ga jin daɗin da ya rufe musu baki ba. Rashin mafita ne. Wanda ya san gobe ba ta da tabbas shi ke jefa ɗari biyar ɗinsa a caca.

Musa Damagaram:
Sadiƙu ya kawo mu inda nake ganin tarihi ya yi wa Marcuse gardama. Shekara huɗu kacal bayan ya ce an haɗiye ma'aikata, sai ga Mayun 1968 a Faransa. Ɗalibai suka fara, ma'aikata miliyoyi suka bi, ƙasa ta tsaya cik, yajin aiki mafi girma a tarihin Faransa. Shi kansa yana Paris a farkon watan, ya je taron UNESCO kan cikar Marx shekara 150 da haihuwa. A watan nan dai ɗaliban jami'ar Dakar suka tashi, ƙungiyar ƙwadago ta mara musu baya, shugaban Senegal Senghor ya rufe jami'a ya mai da ɗaliban ƙasashen waje gidajensu. Ashe mutum bai koma fuska ɗaya ba.

Malam Habibu:
Malam Musa, ka ƙarasa labarin mana. Ɗalibai sun yi tattaki zuwa masana'antar Renault a Billancourt, ƙungiyar ƙwadago ta CGT ta bar ƙofa a rufe tsakaninsu da ma'aikata. A taron Grenelle tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni aka sasanta kan ƙarin kashi 35 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi. Ma'aikatan Renault sun yi wa yarjejeniyar ihu da farko, amma cikin Yuni aka koma aiki, a ƙarshen watan jam'iyyar shugaban ƙasa de Gaulle ta lashe zaɓe da gagarumin rinjaye. An nemi sauya rayuwa, an samu ƙarin albashi. A Amurka kuwa shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago, George Meany, goyon bayan yaƙin Biyetnam ya yi, kuma a Mayun 1970 leburorin gini suka far wa ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙi da duka a New York. Irin wannan ne ya sa a ƙarshen littafin 1964 Marcuse bai sa rai ga masu albashi ba. Ya waiwaya ga waɗanda aka bari a waje: baƙar fata da sauran waɗanda ake tsangwama, marasa aiki, da waɗanda ba za a taɓa ɗauka aiki ba. Ya ce ƙin da suke yi wa wasan gaba ɗaya shi ne ɗan abin da ya rage, kuma bai yi alkawarin za su yi nasara ba.

Musa Damagaram:
Na karɓi wannan. Amma ga inda nake ganin ya yi kuskure babba: ya ɗauka jari-hujja zai ci gaba da rabon kaya har abada. Daga rikicin man fetur na 1973 lissafi ya canja. A 1981 shugaban Amurka Reagan ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki. Masana'antu suka yi ƙaura zuwa Asiya. Detroit ɗin da ka ambata, birnin ya bayyana fatara a 2013. Yau ba a buƙatar saye bakin ma'aikaci da fansho, tsoron kora ya isa. Duniyar Sadiƙu ta fi kama da yau fiye da duniyar Marcuse, har a Amurkar.

Aliyu:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Na ji an ce mutumin nan ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki. Ta yaya za a amince da shi?

Malam Habibu:
Gaskiya ne, Aliyu, kuma bai ɓoye ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a sashen bincike na OSS, hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin, tare da Franz Neumann da Otto Kirchheimer, suna nazarin Jamus ta Nazi. An rushe OSS a 1945, CIA kuma sai 1947 aka kafa ta. Shi ma'aikatar harkokin waje ya koma har 1951. Bayahuden da ya tsere wa Hitler ya taimaka a yaƙi Hitler, ban ga abin kunya a nan ba. Shekarun bayan yaƙin ne ake iya yi masa tambaya a kai. Amma duba yadda ɓangarorin biyu suka ɗauke shi. A 1958 ya rubuta littafi yana sukar gurguzun Tarayyar Soviet, a 1968 jaridar Pravda ta Soviet ta zage shi. A shekarar dai a Kalifoniya aka aiko masa da barazanar kisa har ya bar gidansa na ɗan lokaci, ƙungiyar tsoffin sojoji ta American Legion ta nemi a raba shi da jami'a, gwamna Reagan na sukarsa. Ɗalibarsa Angela Davis an kore ta daga koyarwa a 1969, an kama ta a 1970, kotu ta wanke ta a 1972, kuma ya tsaya mata. Da abokin aikinsa Adorno ya kira wa ɗalibai 'yan sanda a cibiyar Frankfurt a Janairun 1969, Marcuse ya rubuta masa cewa bai yarda ba, duk da tsohuwar abotarsu.

Zainab:
Malam, tsayawa da ɗalibai abin yabo ne, amma wasu daga cikin 'yan wannan zamani a Jamus sun ƙare da bindiga da bam. Ba shi da alhaki?

Malam Habibu:
A 1977, ana tsakiyar kashe-kashen ƙungiyar 'yan bindiga masu ra'ayin gurguzu ta RAF, ya rubuta a jaridar Die Zeit cewa kisan kai ba makamin siyasa ba ne. Ya barranta a fili, abin da ya nema daga malaminsa Heidegger bai samu ba. A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya fi karkata ga gwagwarmayar mata, wadda a wata lacca ta 1974 ya ce wataƙila ita ce mafi muhimmanci a lokacin, da batun muhalli, da fasahar adabi, domin yana ganin a nan ne mutum ke ajiye hoton rayuwar da ba a ba shi ba.

Ni dai ban ce ku ɗauki maganinsa ba. Maƙalar 1965 ban iya kare ta gaba ɗaya. Abin da na riƙe shi ne tambayarsa. Malam Musa ya ce tsoro ya maye gurbin fansho, na yarda, amma wayar da ke hannun mai tsoron tana aikin da talabijin ɗin 1964 bai ko yi mafarkinsa ba: tana koyon abin da kake so, ta dawo maka da shi ninki biyu, ta sayar da hankalinka ga mai talla. Kuma ko mu da muke fama, idan aka tambaye mu wane ci gaba muke so, amsarmu ɗaya ce, mu zama kamar su. Babu fuska ta biyu a mafarkin namu.

Baba Iliya:
Habibu, idan Allah ya sa aka sake buɗe masaƙun Kakuri gobe, zan ce wa jikokina su je su nemi aiki, ba zan yi ko ɗar ba. Amma zan ce musu wannan karon su nemi kujera a inda ake yanke shawara, su nemi ganin littafin kuɗi, kada su tsaya a alawus. Mu ba mu nema ba.

Zainab:
Baba, wannan da kuka faɗa zan iya sa hannu a kai, domin abu ne da ake rubutawa a doka. A Jamus ɗin Marcuse ma akwai shi: tun 1951 ma'aikatan kwal da ƙarfe suke da rabin kujerun majalisar sa ido ta kamfanoninsu, a 1976 aka faɗaɗa tsarin zuwa manyan kamfanoni masu ma'aikata fiye da 2,000. Na san shi zai ce wannan ma wata hanyar haɗiye ma'aikata ce. To ni na fi son kujerar da ma'aikaci ya zaɓi mai zama a kanta, yana kuma iya sauke shi, a kan 'yantuwar da sai wani ya tabbatar mini na kai kafin a saurari bakina. Malam Habibu, idan za a ci gaba mako mai zuwa, ina roƙon a ɗauko maƙalar 1965 ɗin kanta mu bi ta sakin layi bayan sakin layi. Ina so in ga wurin da ya faɗi wanda zai riƙe ikon hana magana, da wanda zai karɓe ikon daga hannunsa idan ya yi zalunci.